Kiwon Ɗan Kifin Tetra A Ƙasar Zafi

Zancenmu na yau a kan wani ɗan kifi ne da ake kira tetra, wanda ake ajiyewa a ɗaka cikin akwatin gilashi don kallo. Turawa suna ce wa akwatin akwariyom, mu kuwa a nan za mu riƙa cewa akwatin kifi. Ka sani, a garuruwan da ke bakin babbar hanya, daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, da Agye, har Gazawa, mutum yakan je birni ya ga irin wannan akwati a wani ofis ko ɗakin jiran likita, abin ya ba shi sha'awa, ya sayo kifin cikin leda ya kawo gida. Sau da yawa kafin mako biyu sun mutu duka, kuɗi sun tafi, yara suna kuka, mai gida yana cewa an cuce shi. Mafi yawan lokaci ba a cuce shi ba. Ruwan da ya zuba su ciki ne bai dace da su ba, kuma ana iya gane dalili.

Bari mu fara da sanin kifin kansa. Tetra suna ne da ya haɗa ƙananan kifaye iri-iri, ɗaruruwa, mafi yawansu daga kogunan Amurka ta Kudu. Alamar da za ka gane yawancinsu da ita, wani ɗan ƙaramin fiffike ne na tsoka, marar ƙaya, a gadon baya kusa da wutsiya. In ka taɓa duba ƙawara da kyau, wadda masunta ke kamawa a kogin Kwara da tabkin Cadi, ka ga wannan ɗan fiffike. Ai dangi ɗaya ne. Ƙawara, da tsage mai haƙora, da ɗan tetra na Barazil, duk babban gidansu guda. Masana ƙasa sun nuna cewa Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke a da, sai wajen shekara miliyan 100 da suka wuce suka rabu, teku ya shiga tsakani, kowace ta tafi da nata rabon kifin. Saboda haka baƙon da ka sayo cikin leda yana da ƴan'uwa a ƙasar nan.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne neyon, ɗan kifi da bai wuce santimita 4 ba, mai layi shuɗi da ke walƙiya daga ido zuwa baya, da ja a rabin jikinsa na wajen wutsiya. A shekarar 1936 wani masanin kifi na Amurka, George Myers, ya yi bayaninsa a littafin masana. Asalinsa ƙoramun daji na ƙasashen Peru da Kolombiya da Barazil, amma wanda ake sayarwa yanzu yawanci a gonakin kifi na Asiya ake ƙyanƙyashe shi. Akwai ɗan'uwansa kadinal, wanda jansa ya game ciki tun daga kai har wutsiya. Shi an san shi a 1956, kuma mutanen garin Barcelos, a bakin kogin Rio Negro na Barazil, sun daɗe suna cin abinci da kama shi suna sayarwa ƙasashen waje. Ruwan wannan kogi kalar shayi gare shi, don ruɓaɓɓen ganye, yana da tsami, kusan babu gishirin ƙasa a cikinsa, kuma itatuwa sun yi masa inuwa. To, riƙe wannan siffa a zuci, ka gwada ta da ruwan rijiyar gidanku a watan Afrilu. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, daga wannan bambanci ya taso.

Abu na farko, tetra ba ya zama shi kaɗai. A garke yake yawo, kamar tumaki. Dalili kuwa, ɗan kifi ne da kowa ke ci: babban kifi, da tsuntsu, da maciji. In suna da yawa suna juyawa tare, mai farauta yakan ruɗe, ya rasa wanda zai bi. A gefen jikin kowane kifi akwai wani layi mai jin motsin ruwa, da shi da ido suke daidaita tafiya ba su karo da juna. Har wa yau, a 1938 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya gano cewa in fatar wani ƙaramin kifi ta yage, wani abu yana fita daga cikinta ya bazu a ruwa, sauran su ji shi su watse. Daga baya aka tarar dangin tetra ma suna da wannan. Watau kwanciyar hankalin ɗan kifin nan a jikin ƴan'uwansa take. In ka sayi biyu kawai don kuɗinka bai kai ba, za ka gan su a laɓe a kusurwa, launinsu ya koɗe, ba sa cin abinci sosai, ciwo kaɗan ya kwashe su. Kada su gaza 6, kuma iri ɗaya. 8 zuwa 10 ya fi. Neyon uku da wani iri uku ba garke ba ne. Wanda ba shi da kuɗin 6, ya dakata tukuna.

Sai akwati. Ƴar kwalbar nan mai da'ira da ake gani a hotuna, ka bar ta. Nemi akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Ga lissafin: 60 sau 30 ya ba da 1,800, sau 30 kuma ya ba da 54,000, ka raba da 1,000, ka sami lita 54. Jarka biyu ke nan ta lita 25 da ɗan ƙari. Kowace lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya, in ka haɗa da gilashi da yashi abin zai haura kilo 60, ya fi buhun siminti. Saboda haka teburi mai ƙarfi ake so, wanda ba ya rawa, kuma da zarar an cika akwatin ba a ɗaga shi. In kana da zaɓi tsakanin dogon akwati mai zurfi da shimfiɗaɗɗe mai faɗin baki, ɗauki mai faɗin baki, domin ta saman ruwa iska take shiga. A shimfiɗa yashin gulbi a ƙasa, kauri kamar yatsa biyu, bayan an wanke shi har ruwan ya fita garau. Yashi mai duhu ya fi fito da launin kifin. Murfi tilas ne, saboda tetra yana tsalle, ga ƙurar hunturu, ga kyanwa, ga hannun yara. A lokacin zafi murfin raga ya fi na gilashi.

Yanzu mu zo ga babbar magana, watau zafi. A nan ne littattafan Turai ba za su taimake ka sosai ba, don su damuwarsu yadda za su ɗumama ruwa ce, mu kuwa tamu yadda za mu sanyaya shi. Neyon yana son ruwa tsakanin digiri 20 da 26. A jihar Maraɗi, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai 40 har ya wuce, kuma a ɗakin kwano ruwan da aka ajiye yakan haura 32 ba wuya. Kifi ba ya da zafin jiki nasa na kansa kamar akuya ko kaza. Yadda ruwa yake haka jikinsa yake. In ruwa ya yi zafi, jikinsa yana aiki da sauri, yana bukatar iskar shaƙa mai yawa. Ga kuma abin takaici, ruwan zafi bai riƙe iska kamar na sanyi. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 20 tana iya riƙe wajen miligiram 9 na iskar oksijin. A digiri 30 sai wajen 7 da rabi. A 40 bai kai 6 da rabi ba. Bukata tana hawa, abin biyan ta yana sauka. Shi ya sa za ka ga kifin sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. In ka ga haka, ba abinci suke roƙo ba, numfashi suke nema, kuma zuba musu abinci a wannan hali ƙara musu wahala ne.

Me za a yi? Dabarun duk ka san su, don da su iyayenmu ke samun ruwan sanyi tun kafin a ƙera firji. Na farko wurin ajiya. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. A sa akwatin a gefen da rana ba ta bugu, nesa da taga, ƙasa-ƙasa ba can sama kusa da rufi ba. Rana in ta faɗa kan gilashi kai tsaye, cikin awa biyu sai ta dafa ruwan, sa'an nan ta cika shi da gansakuka. Na biyu, dabarar randa. Me ke sanyaya ruwan randa? Ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Haka in ka sa ƴar fanka tana hura saman ruwan akwatin, zafin yakan sauka da digiri 2 ko 3, wani lokaci fiye, musamman a Maris da Afrilu da iska ke bushe ƙayau. In bazara ta kawo gumi gab da faɗuwar damina, dabarar takan rage ƙarfi, sai a ƙara lura. Ana kuma iya naɗe baya da gefunan akwatin da jiƙaƙƙen buhun algarara, yadda masu tafiya ke naɗe jarka. Ƙanƙara kuwa, a yi hankali da ita. In ta zama dole, a sa ƴar kaɗan cikin gorar roba a rufe, a bar ta tana yawo a saman ruwa. Saukar da zafi da digiri 5 cikin ƴan mintoci ya fi zafin kansa illa. Kuma kada a zuba ƙanƙarar kasuwa tsirara, don ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Duk wannan ba zai yiwu da ƙiyasin yatsa ba. Sayi ma'aunin zafi na ruwa, ka duba shi da asuba da kuma la'asar, ka rubuta a ɗan littafi: kwanan wata, awa, digiri. Shawarata ma, ka yi haka da akwatin da ba kifi ciki, tsawon mako guda a tsakiyar bazara, kafin ka kashe ko dala a kan kifi. In da fanka da komai ruwan ɗakinka bai sauka ƙasa da 30 ba, to, ɗakin ba na tetra ba ne.

A nan zan faɗi ra'ayina a fili: neyon, duk da kyansa da araharsa, ba kifin ƙasarmu ba ne, sai ga mai ɗaki da na'urar sanyaya iska da wutar da ba ta yankewa. Kadinal ya fi shi jure zafi, yana zama lafiya har wajen digiri 29, amma shi kuma yana son ruwa marar gishiri. Wanda na fi yarda da shi ga mai farawa shi ne wanda ake kira firistela, ɗan kifi mai santimita 4 da ɗoriya, jikinsa kamar gilashi har kana hango ƙashin bayansa, fikafikansa da ɗigon rawaya da baƙi da fari. Asalinsa kogunan bakin teku na Benezuwela da Guyana da arewacin Barazil, inda ruwa kan ɗan yi gishiri, saboda haka ruwan rijiya bai cika damunsa ba, kuma yana kaiwa digiri 28. Akwai kuma baƙin tetra mai faffaɗan fiffike kamar zane, shi ma mai juriya ne. Na Afirka fa? Akwai wani kyakkyawa mai jan ido da manyan ɓawo, wanda duk duniya a kudancin Najeriya kaɗai yake, a ƙasan kogin Kwara da kogin Ogun. Har sunan kogin Neja ake kiransa da shi a kasuwannin Turai. Sai dai yana kai santimita 9 ko 10, yana son akwati mai tsawon mita ɗaya ko fiye, kuma yana cikin jerin kifayen da ake tsoron ƙarewarsu saboda ɓacin dazuzzuka da ruwan yankinsa. Ƙawara kuwa tana wuce taƙi guda, ba ta akwatin lita 54 ba ce. Ƴaƴan ƙarfasa da tarwaɗa da yara ke kamowa a tabki ko a Gulbin Maraɗi lokacin damina, kada a haɗa su da tetra ko kaɗan. Tarwaɗa za ta girma ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya cikin dare.

Hunturu ma yana da nasa. A Disamba da Janairu, dare yakan sauka wajen digiri 13 ko 15, ruwan akwati ya bi shi a hankali. In ya sauka ƙasa da 22 da asuba, a rufa wa akwatin bargo da dare, a rufe taga. Bayan irin wannan sanyi ne ake yawan ganin wani ciwo, fararen ɗigo a jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa da dutse. Wata ƴar ƙwayar halitta ce ke kawo shi, yana da magani a wurin masu sayar da kifin, kuma yana warkewa in an tare shi da wuri.

To, wane ruwa za a zuba? A ƙasar Agye da Gazawa, inda Gulbin Kaba ya ratsa, da ƙasar Gidan Rumji ta Gulbin Maraɗi, gulaben ba sa gudu sai da damina, in ma sun yi. Ruwanmu na rijiya ne, da na burtsatse, da na famfo. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko gishirin duwatsun da ya ratsa, kuma ido ba ya ganinsa. Mutanen Tibiri sun san wannan da ɗaci: tun daga shekarun 1980 aka yi shekara da shekaru ana shan ruwan wata burtsatse, garau da shi, alhali sinadarin fulowa ya yi masa yawa, har ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gane. Ruwa garau bai nuna abin da ke narke cikinsa. Ga gwaji biyu na gida. In sabulu ba ya kumfa da sauri a ruwanku, in kuma butar shayi tana yin farin ɓawo a ciki, to ruwan mai nauyi ne. Masana suna da wani ma'auni kuma da suke kira pH, daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, kamar ruwan tsamiya, sama da 7 ɓangaren kanwa. Yawancin tetra suna jin daɗi tsakanin 6 da 7 da rabi. Akwai ƴan takardun gwaji da ake tsomawa su canza launi; in ka je sayen kifi ka tambaya.

In ruwanku mai nauyi ne, maganinsa daga sama yake zuwa. Tari ruwan sama a watan Agusta, bayan ruwan farko ya wanke kwano, ka adana cikin jarka mai tsabta, a rufe ruf don sauro. Ka gauraya shi rabi da rabi da na rijiya. Kada a yi amfani da ruwan sama zalla, don ba shi da gishirin da zai riƙe shi, tsaminsa yakan sauya farat ɗaya. Kuma lura da wannan: ruwan da fanka ke busarwa, ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan. In kullum da na rijiya kake cike gurbin, gishiri yana taruwa ke nan. Ciko da na sama ya fi.

Ruwan famfo kuma ana sa masa kulor don kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga mutum, guba ne ga kifi, yana ƙona masa wurin shaƙa. Haka ruwan da aka jefa wa ƙwayar Aquatabs ko aka ɗiga wa ruwan jabel. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti, a rufe da ƙyalle, ya kwana biyu kafin a zuba, ko a sa maganin kashe kulor da ake sayarwa tare da kayan kifi.

Saura abin da ya fi kashe kifin masu farawa, kuma shi ma ba a ganinsa. Kifi yana ci, yana fitar da ƙazanta, mafi yawanta ta wurin shaƙarsa, a matsayin amoniya, abin nan mai yaji a hanci da kake ji a turken awaki da ba a share ba. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A akwati ba ta da wurin zuwa. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, da ke zama a jikin yashi da soson tace ruwa. Kashi ɗaya suna juya amoniya ta koma nitirit, wanda shi ma guba ne. Kashi na biyu suna juya nitirit ya koma nitirat, wanda bai da illa sosai, takin shuka ne ma. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wanda ya cika akwati da safe ya zuba kifi 10 da maraice, ya sa su cikin ɗakin da ba shi da makewayi. Kuma a ruwan zafi mai ɓangaren kanwa, irin namu, dafin amoniya ya fi tsanani.

Ga yadda ake yi. A haɗa akwatin, a kunna matacin, a bar shi ba kifi. Kowace rana a jefa ɗan abincin kifi, abin da yatsa biyu za su tsinta, ya ruɓe ya ciyar da ƙwayoyin. In ka san wani mai tsohon akwati mai lafiya, roƙe shi ya matse maka sosonsa cikin naka, kamar yadda mata ke ɗiban tsohon nono su zuba a sabuwar madara. Wannan yana gajarta jira. In ka bi lissafin shekara, abin ya zo daidai: tarin ruwa a Agusta, haɗa akwati a Satumba, kawo kifi a Nuwamba da zafi ya karye. Daga Maris zuwa Mayu ba lokacin sayen kifi ba ne. Tafiyar mota daga Yamai ta fi kilomita 600, daga Kano ma yini ne, kuma leda a cikin mota da rana tanda ce. In sun iso, a ɗora ledar a kan ruwan akwatin minti 20 ba a kwance ba, sa'an nan a riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan na rabin awa, kana a kwashe kifin da ƴar raga a sake su, a zubar da ruwan ledar waje.

Matacin da ya dace da mu shi ne na soso, wanda ɗan injin hura iska ke tafiyarwa ta siririn tiyo. Yana tace ruwa, yana motsa samansa, kuma wutar da yake ci ba ta wuce ta ƙaramar fitila ba. Maganar wuta kuwa ba sai an gaya maka ba. Layin da ke kawo wa yankin nan lantarki daga Katsina ta Gazawa yake bi, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke wutar Najeriya a Agustan 2023, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. Ƙauyuka da yawa ma ba su da ita sam. Saboda haka nemi injin da ke aiki da batir ko da abin cajin salula, ka haɗa shi da farantin hasken rana. In komai ya tsaya cikin zafi, ɗauki kofi mai tsabta ka riƙa ɗibar ruwan kana tsiyayo shi daga sama, sau 20 ko 30 kowace awa, kuma ka hana su abinci har wuta ta dawo. Kifi mai lafiya yana yin kwana uku ba ci, bai damu ba.

Abinci dai sau ɗaya ko biyu a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu. Tuwo, da burodi, da dusa, da tsaki, duk ba nasu ba ne, ruɓewa za su yi su ɓata ruwa. A gaya wa yara da baƙi, mutum ɗaya ne mai ciyarwa a gida. Abincin gwangwani na kifi yana lalacewa da zafi, sai a sayi ƙarami, a rufe shi a inuwa. Suna son ƴaƴan sauro na cikin ruwa ƙwarai. In ka tarar da su a wani kasko ko tsohuwar taya, kwashe ka ba kifin, ka kifar da sauran ruwan. Amma kada wani ya ajiye ruwa da gangan don sauro ya hayayyafa, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina. Akwatin kansa ba ya haifar da sauro muddin da kifi a ciki.

Kowane mako a cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, wajen lita 13, rabin jarka ke nan, ana zuƙo ƙazantar da ta kwanta a yashi da tiyo, a mayar da sabon da ya kwana a ɗaki ɗaya da akwatin don zafinsu ya zo ɗaya. Ba a juye ruwan duka, ba a fitar da kifi a wanke akwati ƙal. Soson a matse shi cikin tsohon ruwan da aka cire, ba a famfo ba, don kada a kashe ƙwayoyin nan da aka yi mako shida ana jira. Tsohon ruwan a ba zogale ko tumatir.

Bokiti da tiyo da kofin kifi su zama nasa shi kaɗai, a rubuta musu alama. Sabulu ko omo kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne maganin ƙwari. Irin maganin da ake fesa wa sauro a ɗaki, da na hayaƙi da ake kunnawa da dare, da wanda ke jikin gidan sauro, da na feshin wake, yawancinsu dangi ɗaya ne, kuma kifi ba ya jure ko ɗan abin da mutum ba zai ji warinsa ba. Kada a yanki tsohon gidan sauro a yi ragar kamun kifin ko murfin akwati. Wanda ya dawo daga feshin gona kada ya sa hannu a ruwan. In dole a fesa ɗakin, a kashe injin iska, a rufe akwatin da leda da bargo, sai an buɗe ƙofa da taga warin ya fita sarai a buɗe shi.

Shuka a cikin akwati tana da amfani, tana shan nitirat, tana ba kifin inuwa irin ta gidansu. Kainuwa tana yi, in an bar mata haske kuma ba a bari ta rufe saman ruwan duka ba. Sai dai a tuna da tsargiya. Ƙananan dodon-koɗi na tabki su ne ke ɗauke da ita, kuma tsutsarta ta fatar mutum take shiga. Kada a aiki yara cikin tabki neman ciyawa. Abin da aka ɗebo a duba shi ganye-ganye da saiwa, a cire duk dodon-koɗi da ƙwansa, a ajiye shi a wani bokiti dabam mako biyu ana dubawa kafin ya shiga akwati.

In kuma wata rana ka gaji da kiwon, ko za ka yi ƙaura, ba wa wani kifin, ko makarantar garinku in akwai malamin da zai kula. Kada a sake su a tabki ko gulbi, haka ciyawar da aka sayo tare da su. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta addabi masunta da masu jirgi a kogin Kwara wajen Yamai, ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, kuma don ado aka fara yawo da ita ƙasa-ƙasa. Kifin da ya mutu a cire shi nan da nan a binne, a ƙirga sauran, a duba ma'aunin zafi, a canza rabin jarka na ruwa a ranar.